Baba Lawal da baƙin allonsa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ƙanwata ta kira ni daga Jibiya. Baba Lawal ya rasu. Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa.

Ga wanda bai san shi ba, shi ya koya mini rubuta manhaja. A shekarun saba'in, lokacin da arzikin mai ya buɗe, manyan motoci suna layi daga boda har Magama, shi ke buga wa direbobi takardu da tafireta. Da kwamfuta ta zo, da furfurarsa ya zauna ya koye ta.

Bai taɓa shiri da maus, linzamin kwamfuta, ba. Taminal kawai, baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, da yatsu biyu. Yakan ce, "In ka san abin da kake so, rubuta shi. Mi ya kai ka farautar hoto?"

Ranar da na goge aikin sati uku da umarni ɗaya, na yi tagumi, sai ya miƙo mini filas ɗin ajiyar bayanan kwamfuta. Ashe kullum yana kwafe aikina, bai taɓa faɗa ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ce ke cina.

Wata biyu ke nan na kai masa manhajar da na yi wa direbobi ta cike takardun kaya. Launi, hotuna masu juyi, komai na zuba. Baba ya karɓi wayata ya duba. Ya kira wani direba ɗan Maraɗi da ke shan shayi gefenmu, ya miƙa masa wayar. Bawan Allah ya shafa sama, ya shafa ƙasa, ya ɗago ya ce, "Ina ake taɓawa?"

Baba ya dube ni. "Kanka ka yi ma wannan, ba shi ba. Ni da, mutum na tsaye cikin rana, tambaya uku nike yi mashi ya wuce."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, zamanin tafireta ya wuce fa." Na ɗauki jakata na hau motar Katsina.

Sau biyu ya kira, ban ɗauka ba.

Abin takaicin, a satin na cire duk tarkacen nan, kuma yanzu direbobi suna cikewa ba mai nuna musu. Na ƙi gaya masa. Wai sai na gama gyarawa tsaf, don kada ya sami abin kushewa. Girman kai ne kawai, wallahi. Kira ɗaya ya gagare ni.

Ya Allah Ka gafarta wa Baba Lawal, Ka haskaka kabarinsa, Ka ba iyalinsa haƙuri. Ni ma Ka yafe mini.

Don Allah duk wanda ya karanta, kada ya tsaya a danna layik ya wuce. Ku buɗe baki ku yi masa addu'a.