Bokitin da Na Ƙara wa Irin Bitirut

Har yau in na yanka bitirut, abin lambun nan mai kama da albasa, jan ruwansa ya rina mini yatsu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan tasa ya bugi hancina, sai kakana ya faɗo mini a rai. Bari in gaya maka dalili.

Ina da shekara tara Mama ta kwanta ciwo bayan haihuwar autanmu. A asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa, wata maƙwabciyarmu a unguwar Makera kuma ta ce babu abin da ke ƙara jini kamar bitirut. Lokacin ba a cika ganinsa a kasuwarmu ba. Sai kakana, mahaifin Mama, ya sa aka kawo masa iri daga Jos, wasu 'yan ƙwayoyi masu kaushi kamar tsakuwa, ya ware musu fangali guda a lambunsa na bakin kogi.

Tsohon ya saba cika fangalin alayyafo da ruwa har ya kwanta, amma wannan yayyafi kawai yake yi masa. Yakan damƙi ƙasar a hannu, in ta dunƙule ba ta ɗiga ba, ya ce ta isa. Ya gaya mini irin nan danshi yake so: in ƙasa ta bushe ba zai farka ba, in ruwa ya yi yawa kuma ɓawonsa ya sha ya toshe, ƙwayar ta rasa iska.

Ni kuwa, da taurin kaina, gani nake rowa yake yi. Mama tana ramewa, shi yana auna ruwa kamar magani. Kullum da la'asar in ya tafi masallaci sai in sheƙa wa fangalin bokiti guda, don ya yi sauri.

Kwana goma sha biyu, ko tsiro ɗaya babu. Ya tona da yatsa, ya fito da ƙwayoyin sun yi baƙi, sun ruɓe, suna wari. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Hannuna ya tsufa, jikalle," ya ce. "Ya daina sanin ƙasa."

Na bar shi ya ɗora wa hannunsa laifin.

Ya sake shukawa, ban taɓa bokiti ba, cikin mako guda jajayen tsirrai suka leƙo. Mama ba ta jira suka yi 'ya'ya ba, ta rasu.

Yanzu na san ciwonta ya fi ƙarfin abin lambu, an sha gaya mini. Lambun ma ya zama gidajen bulo, bitirut kuma ga shi a tire har bakin titin Narayi. Abin da ke hana ni sukuni daban ne: kakana bai ƙara damƙar ƙasa ba sai ya kira wani ya duba masa, har ya rasu yana zargin hannunsa. Hannun nan lafiyarsa ƙalau. Shekara shida muna zaune gida ɗaya, ban faɗa masa ba.