Ranar da Dubagari Ya Wanke Romo

Shekara talatin da ɗaya Dubagari ya yi yana leƙa tukwanen mutane, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa ɗora tasa ba. Sunan aikin ne ya bi shi har ya cinye sunansa na yanka, don ko 'ya'yan cikinsa in suna gulmarsa haka suke kiransa. Aikin nasa shi ne ya shiga gidajen sayar da abinci da farar riga da tocila da ɗan littafi, ya shafa yatsa a bayan kanta, ya ɗaga yatsan ya ƙura masa ido, sannan ya rubuta. In ya rubuta kuwa, sai dai haƙuri. An ce ya taɓa rufe wani shagon shayi saboda ƙuda ɗaya tak, kuma har gobe mai shagon yana rantsuwa cewa tare da Dubagari ƙudan ya shigo.

Ba mugu ba ne, in za a faɗi gaskiya, kuma ba a taɓa toshe masa baki ba. Shi dai Allah ya yi shi da ganin datti a inda kowa ke ganin abinci. Da ya yi ritaya sai gari ya huta, gidansa ya shiga uku. Ɗakuna biyu ne da ɗan kicin a hawa na biyu na wani tsohon bene, kuma kicin ɗin nan ya sha binciken da babu gidan abincin da ya taɓa shan irinsa. Kullum in ya karya kumallo sai ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya, ya tambayi maiɗakinsa yaushe aka canza soson wanke-wanke. Ita mace ce mai haƙuri da ɗan baki a ɓoye, sai ta ce, "Jiya, Malam," ko da soson ya girmi jikansu.

Ana nan sai ciwon ciki ya kwantar da ita, aka yi mata aiki. Kwana goma sha biyu ta yi a asibiti, ta dawo gida a rame, ta kuma rufe baki da abinci. 'Yarsu ta zo ta yi mako guda, ta dafa abinci kala-kala ta jera a firji kafin ta koma garin da take aiki. Kwana biyu da tafiyarta Dubagari ya kwashe su duka ya zubar, wai wa'adinsu ya cika. Daga nan abincin mara lafiya ya koma shayi da biskit, don biskit ne kaɗai ke zuwa a rufe da kwanan wata a jikinsa. Shi ma ba ta ci. Da suka koma ganin likita ran Talata, ya auna ta, ya girgiza kai, ya ce in har Juma'a ta yi ba ta fara cin abinci sosai ba, zai sake kwantar da ita a zura mata roba ta hanci. A cikin motar da ta dawo da su ta ce, ba tare da ta dube shi ba, ita ba za ta koma gadon nan ba ko da za a ɗaure ta.

Laraba da safe ya kai mata shayi, ta ture kofin, ta ce a hankali, "Da zan sami romon nan nawa, na naman sa da sha'ir, da wataƙila ya shiga."

Ya san romon. Duk lokacin da zazzaɓi ya kayar da shi, shi take yi masa, mai kauri, mai ƙamshi, ƙwayoyin sha'ir sun kumbura sun yi laushi. Ya sha shi sau ba adadi, bai taɓa tambayar ta yadda ake yi ba, sai dai ya tambayi ko ta wanke hannu.

"Wannan ai abu ne mai sauƙi," in ji shi.

Ya kira 'yarsa a waya, ya buɗe tsohon littafinsa na aiki, ya ce ta faɗa yana rubutawa.

"Baba, ba wani abu ba ne fa. Ka dafa naman da ƙashinsa, ka kwashe kumfar da ta taso, ka zuba sha'ir da albasa da karas, ka rage wuta ka bar shi ya yi ta dahuwa. Ko dai in roƙi wata ta zo ta yi?"

"Wata wa? Ni da na horar da masu dafa abinci sama da ɗari uku?"

"Baba, rufe musu shago ka yi."

Ya kashe wayar. A duk abin da ta faɗa, kalma ɗaya ce ta zauna masa, ya ja mata layi biyu a ƙasa: kumfa.

Ya sa farar rigarsa ta da, don a ganinsa ita ce ta dace da aikin kicin, ya nufi kasuwa. Mahautan suna hango shi suka shiga goge tebur da kore ƙuda, har wani ya tura tsummansa ƙarƙashin benci da ƙafa. Wanda Dubagari ya tsaya a teburinsa ya yanko masa tsoka mafi kyau da ƙashi mai ɓargo, bai ankara cewa mutumin ya bar aiki tun shekara huɗu ba. Dubagari ya sa ya nuna masa farce kafin ya karɓa. Ya sayi sha'ir mai ɓararren baya a leda, da albasa da karas, ya dawo yana jin kansa.

Ya fara da yanke kitse, duk inda ya ga fari ya fere shi. Ya wanke naman sau uku, ya zuba a tukunya da ƙashin, ya kunna wuta. Ba a jima ba kumfa ta taso, mai launin toka, tana taruwa a gefe. Dubagari ya yi murmushin wanda ya kama mai laifi da hannu dumu-dumu. Ya kwashe ta tas. Amma da ya haska tocila ya ga ruwan da ke ƙasa ma ba shi da gaskiya: ya yi duhu, ga idanun mai suna yawo a kai. Ya bar shi ya tafasa awa guda ko zai gyaru, sai ma ƙara duhu ya yi. Ruwa irin wannan, da a shagon wani ya gan shi, da tuni ya sa kwaɗo a ƙofa.

Sai ya tsiyaye shi. Bai zuba a wurin wanke-wanke ba, don ruwan maiƙo yana toshe bututu, kuma shi kansa ya hukunta mutane da yawa a kan haka. Ya ɗauko babbar tukunya ya juye a ciki, ya rufe, don ya kai kwata daga baya. Ya zuba sabon ruwa a kan naman, ya sake tafasawa awa guda, ya sake tsiyayewa. Ya yi na uku. Sha'ir ya dafa daban, da ya ga ruwansa ya yi yauƙi sai ransa ya ɓaci, ya tace shi cikin babbar tukunyar, ya ɗauraye ƙwayoyin a famfo har suka daina santsi. Albasa da karas ma haka suka sha. Ƙashin kuwa, da ya leƙa ya ga abin da ke cikinsa, ya ɗaure shi a leda biyu.

Wajen la'asar ya haɗa komai a ruwa na huɗu. Wallahi ba a taɓa yin romo mai tsafta irin wannan ba. Kana iya ganin gindin tukunya, kana iya ƙirga ƙwayoyin sha'ir ɗaya bayan ɗaya. Ya zuba a kwano ya kai mata, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da takardar yabo.

Ta yunƙura ta zauna, ta shinshina, ta kurɓi cokali ɗaya, ta daɗe kafin ta haɗiye.

"Malam, wannan na wanke hannu ne, romon yana tafe?"

Ta so ta yi dariya, ba ta da ƙarfin yi. Ta kwanta ta juya fuska bango. Daga inda yake tsaye ya ga yadda ƙashin kafaɗarta ya turo riga. Ya koma kicin ya ɗanɗana abin da ya dafa, ya ji ruwan zafi ne da nama mai kama da igiya. Nan tsoro ya kama shi, tsoro na gaske wanda bai taɓa jin irinsa ba. Saura kwana biyu, matarsa tana ƙarewa a gabansa, shi kuma duk iliminsa na kicin bai wuce ya hana mutane dafa abinci ba.

Da ya rasa abin yi sai ya yi abin da ya iya, wato share wuri. Ya rungumi babbar tukunyar ya sauko da ita zai kai kwatar bayan bene. A hawan ƙasa akwai gidan abincin wata mata da ake kira Uwar Ludayi, ƙatuwa mai murya, wadda ya taɓa rufe wa shago sau biyu, sau ɗaya saboda taga babu raga, sau ɗaya saboda kyanwa. Shekara tara ke nan gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma ta fatar baki. Tana zaune a ƙofar baya tana yankan albasa, ya zo wucewa, sai ta ɗaga hanci.

"Yallaɓai, ina za a kai wannan?"

"Dattin nama ne. Kwata zan kai."

"Ajiye in ga dattin."

Hannunsa ya riga ya gaji, sai ya ajiye. Ta buɗe murfin, tururi ya bugi fuskarta, ta ɗebo kaɗan ta kurɓa, ta rufe ido. Da ta buɗe, sai ta tafa hannu ta yi salati.

"Ranka ya daɗe, yau na ga abin da ya fi ƙarfina. Ka tatse nama tas, ka tatse ƙashi, ka tatse sha'ir, ka tara albarkar wuri ɗaya za ka bai wa kwata. To me ka bai wa matar taka?"

"Wanda ya fita fes."

"Wankin ka ba ta ke nan, ka riƙe romon."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kira shi shugaban masu dafa ruwa. Da ta ga bai rama ba, ta tsagaita ta dube shi sosai.

"Kwana nawa rabonta da abinci?"

"Ya haura goma," in ji shi.

Ba ta ƙara tsokanarsa ba. Ta ɗauki tukunyar da hannu biyu ta shige ciki, ta ce ya hau ya kawo naman da sha'ir ɗin da ƙashin da ya ɗaure. Haka Dubagari ya shiga kicin ɗin da ya taɓa liƙa wa takarda, yana riƙe da leda, yana jiran umarni. Ta soya sabuwar albasa har ta yi ja, ta juya naman a ciki ko zai tuna shi nama ne, ta buga ƙashin a bakin tukunya ɓargon ya zubo, ta haɗa komai da ruwan da ya yanke wa hukunci, ta bar shi ya tafasa sosai kafin ta rage wuta. Gishiri da masoro kuwa, da tafin hannu ta auna su.

Idonsa kuwa bai daina aiki ba. Ya ga tsumma a kafaɗarta, ya ga tsaga a bango, ya ga kyanwa kwance a kan buhun gawayi, wataƙila jikar waccan ce. Hannunsa ya tafi aljihun littafi da kansa.

"Rubuta, Yallaɓai," in ji ta, ba ta ko waiwayo ba. "Amma fara da cewa kumfa ake kwashewa, ba a zubar da ruwa."

Ya rubuta hakan.

Kafin magariba romon ya yi kauri, ya yi launin ƙasa, mai yana ƙyalli a kai. Ya hau da kwanon, ƙamshin ya riga shi shiga ɗaki. Maiɗakinsa ta juyo da kanta.

"Wa ya dafa?"

Ya so ya ce shi ne, amma bai iya ƙarya ba. "Ni na zubar, Uwar Ludayi ta tsinto."

Wannan karon dariyar ta fito, ta dafe wurin ɗinkin tana cewa ya bari kada ya farke ta. Ta karɓi cokali ta sha ɗaya, ta sha biyu, ta sha uku. Shi yana ƙirgawa a zuci, yana addu'ar ta kai goma. A na uku ta tsaya. Ta cika cokalin ta miƙo masa.

"Ɗanɗana."

"Bari in ɗauko wani cokalin."

"Da wannan."

Ya dubi cokalin da ya fito daga bakin mara lafiya. Ya san sunayen abubuwan da ke iya zama a kansa, har da hotunansu ya taɓa haddacewa don jarrabawa.

"Shekara talatin da takwas, Malam," in ji ta, "ban taɓa ganin abin da ya taɓa bakina ya taɓa naka ba, ban kuma ce komai ba. Amma tun da na dawo daga asibiti ina jin ka kana tafasa kwanona da kofina su kaɗai, kana ajiye su can gefe. Sai na ga ashe yanzu ni ce dattin gidan. Ta ina abinci zai shiga?"

Kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga kai. Shi a ganinsa kare ta yake yi. Ya matso ya zauna a bakin gadon, farar rigarsa duk ta ɓaci da mai, ya buɗe baki, ta zuba masa. Romon ya yi daɗi ƙwarai, hawaye na zubo masa yana haɗiyewa.

Haka suka yi ta yi, ita cokali ɗaya shi cokali ɗaya, har aka ji ƙarar cokali a gindin kwano. Ta leƙa ciki, ta harare shi, ta ce ya cinye mata rabi, ya sauka ƙasa ya ƙaro.