Katantanwar da Barau Ya Tsinta a Jidda

A duk Pauwa ta ƙasar Ƙanƙara, babu wanda ya kai Barau iya gyaran katantanwa. Tun yana yaro, da damina ta sauka sai ya bi fadama yana tsintar ɓawon dodon koɗi, ya gyara bakin, ya murza ta a ƙasa ta yi ta juyi har ka gaji da kallo. Ya girma, ya auri Bilki, furfura ta fara leƙowa, amma hannun nan bai tuba ba.

Da 'yan bindiga suka hana noma shekara biyu a jere, ya sayar da shanun huɗarsa ya tafi Umara, ya maƙale a Jidda yana yi wa masunta dako.

Wata rana da hantsi yana tafe cikin ruwa iya gwiwa, ya hangi wata katantanwa a gindin dutse, rabinta binne cikin yashi. Ga tsini kamar an feƙe, ga zanen fari da ruwan ƙasa. Wannan ai ba ta buƙatar gyara! Ya ɗauka ya jefa aljihun gaba.

Malam Yahya, wani dattijo ɗan Faskari da ya shekara ashirin a bakin tekun, ya gan shi.

"Barau, mi ka sa aljihu?"

"Katantanwa ce, Malam."

"Da nauyi?"

"Da ɗan nauyi."

"To mai ita na ciki. Kada ka motsa. Wagga, kifi take farauta, kibiya gare ta, kuma dafinta ba shi da makari."

Barau ya so ya yi dariya, sai ya dubi fuskar dattijon, ya fasa. Ya ji abin yana motsi a ƙirjinsa. Malam Yahya ya zagaya bayansa, ya sa wuƙa yana tsarga rigar daga wuya, a hankali. Saura ƙiris, haƙurin Barau ya ƙare, ya kai hannu ya damƙe aljihun don ya nisanta shi da jikinsa. Sai ya ji tsik a tafin hannu, ko cizon sauro ya fi shi zafi.

Kafin a sa shi a mota leɓɓansa sun mutu. A hanya harshe ya yi nauyi, numfashi ya fara gagara, Malam Yahya na hura masa iska a baki. Yana jin komai, ko yatsa ba ya iya ɗagawa. Tsoron mutuwa ya kama shi, ga kunya kuma: mutumin da ya tsira daga bindiga, a ce dodon koɗi ya kashe shi? Da wane baki Bilki za ta faɗa wa masu gaisuwa?

Kwana uku inji na yi masa numfashi a asibiti. A na huɗu ya kira gida.

"Maigida, lafiya? Na yi ta kira shiru," in ji Bilki. "Na ɗauka ko kama ka aka yi."

Barau ya dubi hannunsa da ya kumbura.

"Ɗan zazzaɓi ne," ya ce. "Yara sun ci abinci?"