Yadda Na Kori Rairayi Daga Tsakar Gidana

Malam Edita, lokacin da abin nan ya faru ni ba ƙaramin mutum ba ne, aƙalla a wurin kaina. Na yi aji uku na firamare, na ɗora da yaƙi da jahilci, sannan na shekara bakwai ina gadi a wani wurin gine-gine a Maigatari. Daga kan bencina na ga an kwaɓa siminti ya fi a ƙirga, shebur ne dai ban taɓa riƙewa ba. Da na dawo gida Gumel, abokan hirata na bakin masallaci suka laƙaba mini Injiniya. Su tsokana suke yi, ni kuwa da gaske nake amsawa.

Abin da ya tsone mini ido shi ne rairayin tsakar gidana. Yana cikin tuwo, yana cikin shimfiɗa, har aljihun riga bai bari ba. Na ce ni da na ga duniya ba zan ƙare rayuwata ina tauna ƙasa ba, sai na malale gidan nan da siminti tun daga zaure har bakin madafa. Mai ɗakina, wadda muka haura shekara arba'in tare, ta tambaye ni in na rufe ƙasar, ina ruwan sama zai je. Na ce mata inda ya saba zuwa mana. Ban taɓa tambayar kaina ina ne ya saba zuwan ba. Mu nan ko kamar da bakin ƙwarya aka yi ruwa, kafin ka idar da alwala rairayi ya shanye abinsa.

Birkilan da na ɗauko mutum ne mai haƙuri. Ya zo da wani siririn tiyo da ruwa a ciki, ya roƙe ni, yana ta Baba Baba, in bari ya auna gangare, ya kuma fasa rariya a gindin katanga ta wajen titi. Na ce masa tiyo na masu lambu ne, ni idona ya ga manyan gine-gine. Ya ce to ko bokiti ɗaya a kwarara a ga inda ruwan zai nufa. Na tambaye shi ko shi zai je famfo ya ɗebo. Ya ce shi ke nan, gidana ne.

Da rani na sha yabo, ko da yake in rana ta take ba mai iya taka daɓen ba takalmi, har kaji ɗage ƙafa suke yi. Sai damina ta sauka. Ruwan farko mai ƙarfi, bayan Azahar, ina zaune a zaure na ga ya taru, ya yi ɗan shawagi kamar baƙon da ke neman masauki, sannan ya miƙe kai tsaye zuwa ɗakin mai ɗakina. Ɗakin ƙasa ne, a ciki ta haifi 'ya'yanmu duka, ta kuma hana a mayar mata da shi na bulo saboda sanyinsa. Muka yi ta kwarfa da fanteka, ni da ita, tsofai biyu. Haka muka yi sau uku, gindin bangon yana jiƙa. A na huɗu bangon ya zauna. Allah Ya kiyaye tana madafa, amma gadonta da kwanukan da ta jera tun tana amarya duk suna ƙarƙashi.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta daɗe tana kallon tulin lakar, sannan ta kira ni Injiniya, sunan da ba ta taɓa kira na da shi ba, ta ce yau dai ta ga inda ruwa ya saba zuwa. Washegari ta hau babur ta tafi wurin 'yarmu a Ɗanzomo. Ta ce ba yaji ta yi ba, shekarunta sun wuce nan, za ta dawo ranar da aka samu ɗaki da ƙasar takawa.

Wata huɗu ke nan ina fama da diga, ina fasa daɓen. Kaicona, simintin shi kaɗai ne abin da aka yi da kyau, don ni na tsaya a kai na sa aka zuba shi da kauri. Bayana ya ƙage, tafin hannuna duk kanta. Har amalanke na aika bayan gari ta ɗebo mini rairayi, ni mutumin Gumel. Abin da na koya shi ne kallon aiki ba iya aiki ba ne, kuma ƙasar da na raina ita ke riƙe mini gida ban sani ba.

Jama'a, duk mai shirin yin daɓe ya fara sama wa ruwa hanya, ya bar mai tiyo ya yi awonsa, in matarsa ta yi tambaya ya tsaya ya ba ta amsa ta gaskiya. Shekaranjiya na aika mata cewa an tayar da ɗaki, rabin gida ya koma rairayi. Ta aiko a ce in kwarara bokiti. Na kwarara. Har yanzu ƙofarta yake nufa. Bari in ajiye biro in koma wa digata.