Babur Mai Tsoron Ruwa

Babur ɗin ya tsufa kafin ya zo hannuna, kuma ban san ko ni ne na nawa da ya hau shi ba. Haka muke yi a Alƙahira: wanda ya gama karatu zai koma gida, sai ya bar wa na baya katifarsa da tukwanensa, in yana da abin hawa ya sallama shi a kan abin da ya sawwaƙa. Ni daga hannun wani ɗan Damagaram na karɓe shi, a shekarar da na sami ɗan aikin fassara a wani ofis a Dokki, ina haɗawa da rubutun digirina na biyu. Baƙi ne, ƙirar Sin, an ɗinke kujerarsa da zare a gefe guda. Ina jin ban taɓa mallakar abin da na so kamarsa ba, ko da yake wataƙila nisan lokaci ne ke sa ni faɗin haka.

Cuta ɗaya gare shi, ba ya son ruwa. Na gano haka ne wata safiya da hunturu, ina kan gada zan tsallaka Nilu, aka fara yayyafi. Sai ya soma tari yana fizga. In na murɗa totur ya yi kamar zai ɗauka, sai ya shaƙe. A tsakiyar gadar ya mutu, ga ƙaramar motar haya a bayana, na ji tayoyinta suna ja a kan kwalta, domin titin garin in ya sha yayyafi ƙurar da ta taru sai ta koma kamar sabulu. Allah ya kiyaye ta tsaya. Na tura shi har ofis. Da yamma, bayan ya bushe, kik ɗaya ya tashi kamar ba shi ba.

Na kai wa bakaniken unguwarmu, wanda kowa ke kira usta. Ya tayar da shi, ya saurara, ya ce tamam, wato lafiyarsa ƙalau. Da na yi masa bayanin cewa sai ana ruwa yake yi, ya ɗaga kai ya dubi sama ya yi dariya, ya ce in kawo shi ranar da ake ruwan. Ya canja mini fulogi, ina ganin don ya kwantar mini da hankali ne kawai. Ban ga laifinsa ba. Ruwa a Alƙahira sai jefi-jefi, kuma kafin in turo babur ɗin zuwa shagonsa ya riga ya bushe. Tun daga nan, in na ga gajimare sai in bar shi a ƙarƙashin matakalar gidanmu in bi jirgin ƙasa. Hakan ya ishe ni muddin ni ke hawa.

Da na gama karatu, lokacin zafi ne, sai maganar wanda zan bar wa ta taso. Akwai wani bawan Allah ɗan Katsina da ya girme ni, ya zo digiri na uku da iyalinsa, muna ce masa Malam. Yana koyar da 'ya'yan ma'aikatan jakadanci karatu a Ma'adi, kuma motocin haya sun gajiyar da shi. Muka daidaita. Na yi shekara da shekaru ina karanta babin ciniki a littattafan fiƙihu, na san ba a ɓoye aibin kaya, don haka na faɗa masa tun ranar farko. Na sake faɗa masa washegari, saboda ina ganin kamar ban fito da maganar sosai ba. A karo na gaba ya ɗaga mini hannu.

"Ƙanena, na ji, na kuma yafe. Ruwan garin nan har yaushe ake yin sa?"

Amma na san da safe zai riƙa goya 'yarsa zuwa makaranta, kuma hanyarsu ta kan gada take. Faɗa da baki bai wanke mini zuciya ba. So nake in gyara kafin in tafi, ga shi ba a gyara abin da ba a gani ba, sama kuwa fes take, ranar tafiyata tana ta matsowa.

Mai gadin gidanmu, bawwab kamar yadda suke cewa, dattijo ne daga kudancin ƙasar, kullum da safe yana wanke motocin mutanen gidan da tiyo. Wata rana na yi sakaci na bar babur ɗin a waje kusa da wata mota. Na sauko na tarar da shi sharkaf. Na buga kik, ya tashi da ƙyar, sai ga tarin nan da na sani. Dattijon yana ta ba ni haƙuri, ma'alish, ma'alish, ni kuwa saura kaɗan in rungume shi. Sai a lokacin ya faɗo mini cewa babur ɗin bai damu da inda ruwan ya fito ba.

Ranar Juma'a da hantsi, lungun babu kowa, Malam ya zo. Na cika butar alwalata, muka tayar da babur ɗin muka bar shi a sulo. Dabarar ita ce in zuba ruwa a wuri ɗaya kawai, mu saurara, in babu canji mu jira ya bushe kafin mu matsa gaba. Malam ya kife bokiti ya zauna da kofin shayin da bawwab ya kawo masa. Na zuba a murfin tanki, shiru. Na zuba a makulli, shiru. Na zuba a gefen kabireta, na daɗe ina saurare, domin na ji kamar sautin ya ɗan canja, ko da yake ban tabbata ba. Malam ya ce kunnena ne ke tari, ba babur ba. Da ya ga na sake tsayawa jiran bushewa, sai ya ce:

"An wanke masa fuska, an wanke hannuwa. Ka yi masa shafar kai mu tafi masallaci, kada liman ya riga mu."

Ban kai ga ƙarar da rabin butar ba sai na zo kan hular fulogi, wato robar da ke rufe kansa. 'Yan ɗigo kaɗan na zuba, injin ya yi tari, ya fizga. Cikin zumuɗi na kai hannu, wuta ta ja ni har gwiwar hannu, butar ta faɗi. Malam ya yi dariya har shayi ya zube masa a riga. Muka kashe shi, na cire hular na juya ta a rana. Ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, akwai tsaga siririya kamar gashi. In ruwa ya shiga ta, wutar da za ta je fulogi sai ta bi ruwan ta tsere.

Na sayo sabuwar hula da wayarta a Wustul Balad, wato tsakiyar gari, usta ya ɗaura. Muka sake gwadawa, na juye buta guda, bawwab ma ya kawo tiyonsa ya yi masa wanka sosai. Injin ko gezau bai yi ba. Malam ya ce khalas, magana ta ƙare. Ni dai na ce masa, a iya fahimtata, buta ba ruwan sama ba ce. Ruwan sama da iska yake zuwa, taya ma tana feso shi daga ƙasa, mai yiwuwa akwai wata tsagar a inda ba mu duba ba. Na roƙe shi kada ya hau gada da yarinyar ranar da aka yi gajimare, sai ya fara gwadawa shi kaɗai a cikin unguwa. Har a filin jirgi na maimaita masa.

Na dawo gida, na kama aikin koyarwa, amma da hunturu ya shiga sai na sami kaina ina duba yanayin Alƙahira a waya kowace safiya. Ranar da na ga an yi ruwa na kira Malam, na tambaye shi yadda babur ya yi.

"Wane babur? Jirgin ƙasa muka bi. Kai fa ka cika ni da tsoro, yanzu in na ga gajimare ko makullin ba na ɗauka."

Haka ya yi har ya gama karatunsa, yarinyar ba ta taɓa hawa gada a kansa ana ruwa ba. Da zai dawo ya bar wa wani ɗan Sakkwato, ya kuma gaya masa cewa babur ne lafiyayye, sai dai ba a hawansa ranar ruwa. Ina kyautata zaton mun gyara shi a ranar Juma'ar nan, amma har yau ban sami wanda ya gwada ya faɗa mini ba.