Bahaguwar Teburi Na Bakwai

Akwai mutumin da za ku shekara talatin kuna shiga ƙofar aiki ɗaya ba ka san kalar muryarsa ba. A masana'antarmu Chishima Katsue ce wannan. Ni dai na san muryarta, don ba na barin mutum ya zauna lafiya. Setsu sunana, a sashen fenti nake, kuma kowa a kwarin nan ya san bakina ba ya zuwa hutu. Ita kuwa ɗakin naɗi take, teburi na bakwai, can jikin bango.

Ƙotar sandar golf muke yi, baƙar nan mara nauyi ta zaren kabon. Ni da ita ba wadda ta taɓa buga ƙwallon ko da wasa. Injiniyoyin da ke bene su ke zana yadda kowace ƙota za ta kasance: inda za ta lanƙwasa, inda za ta cije, falle nawa za a naɗa, wanne zarensa zai miƙe, wanne zai karkace don kada ƙotar ta murɗe lokacin bugu. Daga nan sai ɗakin yanka, inda ake fito da baƙin ƙyallen daga firiza, jiƙe da danƙo, da takarda manne a bayansa. A yanka shi falle-falle, a jera a tire, a turo ta wata 'yar taga. Mai naɗi ya ɓare takardar, ya manna bakin fallen a jikin siririn ƙarfe da ɗan dutsen guga, ya murza har ya kwanta ba kumfa ba tattara, ya ɗauko na gaba. In an gama a ɗaure da leda, a gasa, a zare ƙarfen, a goge, sannan a kawo mana mu yi masa kwalliya. Mu ake yaba wa, amma tsakani da Allah aikin na masu naɗi ne.

Ɗakin nasu kullum cikin sanyi yake, don danƙon ba ya shiri da zafi. Kowa da hula da takunkumi da farar riga, ido kawai kake gani. Hannu mai ɗumi yana sa ƙyallen ya yi ta kama yatsu, ita kuwa Katsue hannunta kamar an tsamo shi daga randa, rani da damina. Shi ya sa aka ba ta ƙotoci masu tauri, masu falle da yawa, irin waɗanda maza ƙarfafa ke naɗawa a sauran tebura.

Ba ta yi aure ba. Jinyar mahaifiyarta ce ta cinye mata ƙuruciya, kafin tsohuwar ta cika duk masu zuwa sun daɗe da gajiya. Sai aka bar ta ita kaɗai a tsohon gida gindin dutse, ita da rediyo. Ko a wurin aiki ba ta shiga ɗakin cin abinci, cikin 'yar motarta take zama da ƙunshin shinkafarta, ta juya wa mutane baya tana kallon itatuwa. Abin yana ba ni haushi, yana kuma ba ni tausayi, na rasa wanne ya fi.

Wata rana da hunturu na buɗe motar kawai na shiga na zauna.

"Matsa min, Katsu-chan. Ko kuɗin haya ake biya?"

Ta dube ni kamar ɓarawo ya faɗo mata, don ba mai kiranta da sunan wasa haka. "Setsu-san, motar ba ta da tsabta."

"Ni ma ba ni da ita. Me kika dafa? Kai! Wannan ai abincin mara lafiya ne. Karɓi kifi."

Daga ranar na zame mata ƙarfen ƙafa. Ni ke zuba, ita ke gyaɗa kai. An fi shekara a haka kafin ta ba ni labari guda ɗaya, kuma na lura shi ke nan abin da ta mallaka.

Ashe bahaguwa ce. Tun tana ƙarama mahaifiyarta ta sha ƙwala mata sandunan cin abinci a kan yatsu har ta koyi ci da rubutu da miƙa abu da dama, kamar 'yar mutunci. A teburin naɗi kawai take sakin hagunta, inda ba mai kallon kowa. To ɓare takardar nan shi ne azabar aikin: sai ka yi ta tsokanar kusurwa da farce kafin ta ɗago, a cikin sanyi, har gefen farcen ya tsage. Masu yanka kan taimaka su ɗan ɗaga kusurwa, amma ta dama, don kowa da dama yake aiki. Wata safiya, shekara ashirin da wani abu da suka wuce, tirenta ya zo kowane falle an lanƙwasa masa kusurwar hagu. Washegari ma haka. Bai sake fashi ba.

"Wa ke yi?" na tambaye ta.

"Hikima-san."

Hikima Shozo na ɗakin yanka ke nan ("san" ɗin girmamawa ce a wajenmu), dogon nan mai ɗan doro, wanda matarsa ta rasu tuntuni. Masu yanka da asuba suke shiga ta ƙofar baya, kafin mu fito cin abinci sun tashi, don haka ba kasafai ake haɗuwa ba.

"Kin taɓa yi masa godiya?"

"A'a."

"Ya taɓa yi miki magana?"

"Mun taɓa haɗuwa a wajen ajiye motoci. Ya rusuna, na rusuna."

"Shi ke nan? Shekara ashirin, rusunawa ɗaya? Ke, ko kurege ya fi ku zance!"

Ta yi ɗan murmushi tana kallon cinyarta. "Ai kullum da safe yana gaishe ni, Setsu-san. Da tiren."

Na yi niyyar tsokanarta, sai na fasa. Matar nan ba mai ce mata sannu da zuwa in ta koma gida, ba mai sanin ta kwana lafiya ko ba ta kwana ba. Abin da ke fito da ita daga shimfiɗa da safe shi ne akwai mutum ɗaya a duniya da ya san da ita.

Bara aka kawo injin yanka, aka ce Hikima-san zai yi ritaya ya koma wajen 'yarsa can kudu, bakin teku. Ranar da labarin ya fito Katsue ba ta taɓa shinkafarta ba.

"Ina so in gaya masa na gani," ta ce. "Sau ɗaya kawai. Kada ya tafi yana zaton ban lura ba."

"To ga walimar bankwana nan ranar Asabar. Ki ɗauki kwalbar abin sha ki je ki zuba masa kamar kowa. In kika noƙe, wallahi da kaina zan ja ki."

Ita da ba ta taɓa zuwa walimar kowa ba, sai ga ta ta zo. A saman shagon taliya aka yi, da yamma, muna zaune kan tabarmi. Ta sa wata shuɗiyar riga da har yanzu da alamar ninki a jikinta, ta yi gyaran gashi. Wasu 'yan sashenta ma sai da suka tambaye ni wace ce, don ba su taɓa ganin fuskarta ba takunkumi ba.

Aka fara layi. Ba mai zuba wa kansa a irin wannan zama, kowa zai durƙusa gaban mai tafiya, ya cika masa kofi, ya faɗi 'yar kalmarsa. Na tura ta gabana, na tsaya a bayanta don kada ta gudu. Da aka zo kanta ta durƙusa, ta riƙe kwalbar yadda uwarta ta koya mata, dama a sama, hagu tana tallafe da gindi. Ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba.

"Hikima-san, sannu da ƙoƙari na tsawon shekaru."

"Na gode, na gode." Ya kurɓa, ya dube ta da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo. "Ki yi haƙuri, tsufa. A wane sashe kike?"

Na ga bayan wuyanta ya sandare.

"Naɗi," ta ce.

"Naɗi! Yawwa, Allah ya kawo ki." Ya ajiye kofin, ya matso. "Mutumin teburi na bakwai fa? Tun ɗazu nake kallon hannun duk mai zuba min, ban ga bahago ba. Ko bai zo ba?"

Ta gyara riƙon kwalbar.

"Ban san shi ba fa," ya ci gaba. "Mu lamba kawai muke gani a jikin tire. Takardun da kuke ɓarewa ai wajenmu ake dawo da su mu zubar. Sai na ga na bakwai duk a hagu suke yagewa, wani sa'in har da ɗan jini. Na ce bawan Allah nan yana shan wuya. Na sha cewa zan leƙa in gan shi, sai in ce kada in takura wa mutum. Irin ƙotocin da yake naɗawa, na san ƙato ne." Ya yi dariya, sannan ya rage murya. "Abin da ke damuna, injin nan ba ya lanƙwasa kusurwa. Na gaya musu, sun ce ba a tsara shi da haka ba. Don Allah ki gaishe min da shi. Ki ce na ji daɗin aiki da shi."

Kwalbar tana hannunta. Da ta mayar da ita hannun hagu kawai ta ƙara masa, da magana ta ƙare. Na zungure ta da gwiwa, har na buɗe baki, sai ta kai hannu baya ta damƙe min idon ƙafa, da hannun nan nata mai sanyi, da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Zan gaya masa," ta ce. "Ya ce a gode maka. Ya ce kullum yana gani."

Fuskar tsohon ta washe. Ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa teburi, ita ma ta rusuna, na bayanmu suka matso da tasu kwalbar.

A wajen sa takalma na cim mata. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Ke wace irin mutum ce? Ga shi a gabanki, yana nemanki da bakinsa! Kalma ɗaya, 'ni ce', ita ta gagare ki? Bari in koma in faɗa masa."

"Kada ki je, Setsu-san."

"Saboda me?"

"Ya tambaye ni sashena a gaban mutane. In ya san ni ce, kunya za ta kama shi, ya yi ta ba ni haƙuri. Da wannan zai tuna ranar bankwanarsa." Ta sunkuya tana neman ƙafar takalminta ɗaya, ta daɗe tana nema alhali yana gabanta. "Ni ce na ɗauka ya san ni. Ba laifinsa ba ne."

"To ke fa? Ke da me za ki tuna?"

Ta miƙe, ta gyara wuyan shuɗiyar rigar. Idonta ya cika, amma ba ta bari ya zubo ba.

"Ai kin ji da kunnenki," ta ce. "Ya ce ya ji daɗin aiki da ni."

Na ce in raka ta gida, ta ce a'a, rana ba ta faɗi ba tukuna. Na tsaya a bakin shagon ina kallo ta shiga motarta, ta daɗe a zaune ba ta tayar ba.