Likkafanin 'Yar Fari

Ni ce mai ɗinka likkafanin mata a ƙauyenmu, nan gindin duwatsun Doguwa, tun ina da ƙarfin ɗauko tulu daga rafi ban sauke a hanya ba. A wurin kakata na koya. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma daga nan har Tudun Wada duk matar da ta ga ɗinkina ta san hannuna ne. Ba da keke ake yi ba. Zaren ma ba a saye, daga jikin farin yadin ake zaro shi sili-sili. Ba a kalmasa baki, in an kai ƙarshe kuma ba a ƙullewa, sai a saki zaren haka nan. Kakata ta ce mai tafiya ba a ɗaure masa komai. Haka na tarar, haka nake yi.

Haihuwata ta fari mace ce. Sunanta ba zai fito daga bakina ba ko a nan, domin bai taɓa fitowa ba. 'Yan matan yanzu dariya abin yake ba su, sai ka ga yarinya ta rungume ɗan farinta tana kiran sunansa a tsakar gida gaban surukai. Mu ba haka aka raine mu ba. 'Yar fari ba a kallonta a gaban mutane, ba a yi mata wasa, in ta faɗi wata ce za ta ɗaga ta. Ana yaye ta, yayata ta zo daga Ƙafin Maiyaki ta goya ta ta tafi da ita. Ita take kira Umma. Ni kuwa Iya take ce mini, kamar kowane yaro a unguwa. In zancenta ya kama ni dole, sai in ce 'yar Yaya.

Duk abin da na sani na ƙuruciyarta a bakin Yaya na ji. Takan zo ganin gida ta zauna tana ba mutane labari, ni ina gefe ina tankaɗe kamar ba da ni ake ba. Wai yarinyar ba wanda ba ta kwaikwaya: mai tallar nono, mai shelar sarki, masu babur a bakin kasuwa in suna rigimar fasinja. Wai ta taɓa samun almakashi ta daddatse zanen Yaya na zuwa biki, ta yi wa 'yan tsanarta na kara riguna, kowace da irin wuyanta. Yaya ta ce ta ɗaga hannu za ta make ta, sai ta ga ɗinkin ya miƙe sarai, ta sauke. Ta ce hannun uwarta ne, ta waiwayo ta dube ni. Na ci gaba da tankaɗena.

An yi mata aure a Badafi, bai yi tsawon rai ba, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Daga nan ta tafi Kano koyon ɗinki. Masu shirya fim suka riƙa kawo mata kayansu, rannan wata 'yar wasa ba ta zo ba aka ce ta tsaya a madadinta, shi ke nan ta shiga. An yi surutu a garin nan, ba kaɗan ba. Mahaifinta, Allah ya jiƙansa, ya jima ba ya zama a majalisa. Ni ba wanda ya kawo mini maganar, don an san ba zan amsa ba.

Akwai wani fim da ta fito a tsohuwa. Maƙwabtanmu suka tayar da janareto, mata suka cika ɗaki, sai ihun dariya nake ji ta kan katanga. Da gari ya waye kowa ya gan ni sai ya ce, Iya, ai ke ce. Wai har ɗaurin kallabina da yake karkata hagu, da yadda nake dafa ƙugu in zan miƙe, da tsakin da nake ja kafin in yi magana. Na je karɓo rariya a gidan daidai lokacin da suka sake kunnawa. Na tsaya a bakin ƙofa na ɗan gani. Ba ta rage komai ba. Na karɓi rariyata na dawo.

Daga baya ta rage fitowa a fim ta buɗe shagonta. Ba ta tsaya kan abin da aka kawo mata a ce ta ɗinka ba, ita take ƙirƙiro fasalin rigar daga kanta, matan birni su zo su zaɓa. Amare daga ko'ina. Wata Sallah da ta zo, tana zaune da matan ƙannenta a inuwar ɗakina, ta nuna musu hoton wata Baturiyar Ingila a wayarta. Ta ce ita ma da wasan fim ta fara, ta dawo tana fitar da suturar da ake sanin tata ce ko daga nesa, kuma a can ba wanda ya ce ta zubar da mutuncin gidansu. Murya ta ɗaga yadda zan ji daga ciki. Na ce wa matar ƙaninta ta tambaye ta, ita Baturiyar uwarta ta iya riƙe allura? Suka kwashe da dariya, ita ta fi kowa.

A zuwan nan ne ta shigo ɗakina da abin awonta rataye a wuya. Ta durƙusa ta ce tana so ta gwada ni ta yi mini riga. Na ce mata ba a yi ba tukuna, ranar da 'yar fari za ta zagaya jikina da igiya. Ta ce to, Iya, ta tashi tana murmushi. Bayan kaka sai ga saƙo, doguwar riga ruwan toka, ba ado sai wani siririn aiki a wuya. Da rana, mutanen gida sun tafi gona, na tura ƙyaure na sa. Ta zauna mini kamar a jikina aka yanka ta, har kafaɗata ta dama da ta fi ta hagu sauka an bar mata wurinta. Na cire na ninke na sa a ƙasan adaka. Ban fita da ita ba, kuma har gobe ban ga laifina ba. Haka ake yi.

Ranar da ta rasu muna ɓarar masara. Ta daɗe tana fama da ciwon ƙoda, Yaya ce take zuwa jinya. Da hantsi ɗana na biyu ya shigo da waya a hannu, ya tsuguna nesa da ni, ya ce 'yar Yaya ta cika da asuba, kuma ta bar wasiyya a kawo ta kusa da mahaifinta. Na yi salati. Akwai sauran rabin masara a hannuna, na ƙarasa ɓare ta, na jefa totuwar inda ake tarawa. Wata kaza ta zo tana tsattsaga a gefen tabarma, ina kallonta ban kore ta ba. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba. Kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Motar da ta ɗauko gawar ta biyo ta ɗauki Yaya a Ƙafin Maiyaki, suka ratso dajin Falgore suka iso rana ta kusa tsaka. Tare da su akwai abokiyar aikinta, wata mace mai jiki, sa'arta, wadda suka buɗe shagon tare. Ita ta shigo da ƙunshin likkafani a rungume. Ta ce tunda aka sanar da su suka buɗe shago, duk matan da ke aiki a wurin kowacce sai da ta hau keke ta ɗan yi wani gefe, don kada wadda ta suturta amaren birni ta tafi a ɗinkin kasuwa. Aka warware. Farin yadi ne mai kyau, an kalmashe kowane baki, an bi shi da guga, ƙarshen kowane layi an koma an danne shi tam yadda ba zai taɓa warwarewa ba.

Matan gari suka yi ta miƙa wa juna suna shafawa. Sai satar kallona suke. A kowane gida ni ake aikowa a kira, amma yau ba mai kirana. Uwar 'yar fari wurinta ƙuryar ɗaki, ta lulluɓe kanta, ba ta taɓa ruwan wanka ba ta taɓa sutura. Aka aika a tambayi liman. Ya ce fari ne, mai tsarki ne, ya rufe jiki, shari'a ba ta neman fiye da haka. A gaggauta, ana idar da azahar za a yi mata salla. Magana ta ƙare. Masu wanka suka shiga da ruwan magarya.

Ina zaune a ƙurya ina jin ƙarar ruwa a kwarya. Ba kuka nake ba, lissafin mutane kawai yake zuwa mini. Na ɗinka wa surukata. Na ɗinka wa matar da ta shekara tana yada mini habaici a bakin rijiya. Na ɗinka wa wata Bafillatana da ta faɗi a hanyar kasuwa, ba mu ma san rugarsu ba. Wannan kuwa tun fitowarta duniya ko ɗan kamfai ban taɓa ɗinka mata ba, don kada a ce. In aka fita da ita ta ƙofar nan, to shi ke nan, ta zo ta koma babu zarena a jikinta.

Na miƙe. Matan da ke bakin ƙofa suka dare. Na je gaban abokiyar aikin na miƙa hannu.

"Ba ni rigar likkafanin."

Yaya ta ɗago da jajayen idanu. "Ke, 'yar fari ce fa."

"Na sani, Yaya. Ni na haife ta."

Ban taɓa faɗar haka a gaban mutane ba. Yaya ta mayar da kanta ƙasa.

Likkafanin mace guda biyar ne, lokaci kuma ba zai kai in sake su duka ba, don inuwa ta riga ta tattare a gindin bango. Rigar kaɗai na ɗauka, wadda take taɓa fata. Na sa farce zan farke ɗinkin keken, ya ƙi. Abokiyar aikin ta zauna a ƙasa kusa da ni ta karɓa, ta sa reza ta yanke wuri ɗaya, ta kama zaren ƙasa ta ja, sai ga shi duk ya biyo. Aikinta ne, ta san shi. Ta ce, Iya, wallahi ba mu san ba a yi da keke ba. Na ce mata ɗinkinsu ya miƙe, ba abin da ya same shi, sauran huɗun da su marigayiya za ta tafi.

Na zaro sili daga gefen yadin. Idona ya yi rauni, ita ta zura mini a allura. Ta tambaye ni ko zan shiga in gwada tukuna. Na ce a'a. Na aza taƙina a kan kafaɗar rigar don dai al'ada, faɗin da na sani ne. Tana kallon hannuna ta ce ranar da za su yanka rigata ta tambayi marigayiya ina awon, sai ta ce ba ta da shi a rubuce, ta daɗe tana kallon bayana in ina daka.

Ni ma bayanta na sani. Duk zuwan da ta yi gidan nan, sai ta juya za ta fita nake ɗaga ido. Fuskarta a fim na fi saninta.

Na yi ɗinkina irin na kullum, manyan taku, ba gaggawa ba nawa. Ladan ya kira salla ina gefe na biyu. Daga zaure aka fara aiko da tambaya ko an shirya, ga makara ta iso. Da na kai ƙarshe sai hannuna ya tsaya da kansa, ya naɗe zaren a yatsa zai ƙulla. Shekara da shekaru bai taɓa yi mini haka ba. Na dube shi kamar hannun wata. Na warware, na zare allurar, na saki zaren.

Ni na kai rigar ɗakin da kaina. Masu wanka suka ɗaga ta, na zura mata, na gyara wuyan. Kafaɗarta ta yi sanyi, kuma ta dama ta fi ta hagu sauka. Ban san da wannan ba. Suka naɗe ta da sauran, maza suka shigo suka ɗauka. Mata suka fashe da kuka, Yaya har sai an riƙe ta. Ni na ga masarar tana nan a shanye, ga hadari yana haɗowa ta kan dutse, na sa aka kwashe.

Ranar sadakar bakwai na buɗe adaka na ɗauko rigar ruwan tokar. Kafin in sa na juya cikinta, abin da ban yi ba da farko. Kowane bakin ɗinki ta koma ta bi shi da hannu, ta ƙulle shi tam. Na sa na fito na zauna cikin masu karɓar gaisuwa. Wata baƙuwa daga Bebeji, da ba ta san gidan sosai ba, ta yi mini ta'aziyya, ta kama hannun rigar tana murzawa, ta tambayi wa ya ɗinka.

Na ce 'yar Yaya ce.